Ranar da Musaddiƙ Ya Yaye Wa Dodo Mayafi

A Wurno akwai wani saurayi wai shi Musaddiƙ, wanda Allah ya hore wa baki, ya kuma taƙaita masa sauran. Wata huɗu kacal ya yi a Sakkwato yana koyon kwamfuta. Ya dawo da tsohuwar laftof mai tsagaggen gilashi da tabarau marar magani, kuma tun daga ranar ba a ƙara ƙulla wata magana a majalisar bakin tasha ba tare da ya tsoma baki ya ce, "Ai mu can cikin intanet mun wuce nan."

Abin da ya ɗauko a intanet ɗin wani wasa ne na labari. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya ɗauki jaruminsa. Kowa yana garinsu riƙe da waya, amma duk taswira guda suke kallo, kowane jarumi da ɗan hotonsa a kai. In jaruminka zai yi wani abu mai wuya, sai a jefa ɗan lido na cikin kwamfuta, mai fuska ashirin. Ashirin ta fito ka yi nasara, ɗaya ta fito ka shiga uku. Inda jarumai ba su kai ba kuwa, mai jan labari yakan lulluɓe shi da baƙi don kada a ga abin da ke gaba. Musaddiƙ ya kalli bidiyo bakwai a kan yadda ake jan wasan, bai taɓa ja ko sau ɗaya ba, ya naɗa kansa Uban Wasa.

To, da abin ya tsaya a majalisa da sauƙi. Sai dai Musaddiƙ yana neman auren Mubaraka, malamar firamare a Goronyo, 'yar Malam Jelani manomin albasa. Malam Jelani dattijo ne marar gaggawa. Kowace magana sai ya fara ta da "To, to, to," sannan ya yi shiru har ka manta abin da ya kawo ka. Zuwan Musaddiƙ na farko, dattijon ya bar shi tsugune a zaure kusan awa guda yana gyaran igiyar injin ban ruwa, bai ce masa ya zauna ba. Yaron ya dawo Wurno ƙafafu sun yi tsami, zuciya ta fi su tsami.

Wannan haushin ya kai shi ga aika-aika. Yana zanen taswirarsa ya zo kan dodon kogo, sai ya yanko fuskar Malam Jelani daga wani hoton suna, hula da gemu da komai, ya dasa mata ƙahonin bijimi da jelar kada. Bai ƙoshi ba, ya ɗauki muryarsa yana kwaikwayon tsohon, ya ɗaura ta a kan dodon yadda da an yaye baƙin za ta tashi da kanta. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya lulluɓe kogon, ya wuce.

Zuwa na biyu ne dattijon ya ɗago ya dube shi.

"To, to, to. Mi as sana'akka?"

Musaddiƙ yana tsugune, kai a ƙasa, ya ce, "Uban wasa na, Baba. Na intanet. Ni kaɗai na tsakanin Wurno da Goronyo."

"To, to, to. Ranar kassuwar Wurno ina zakuwa in gani da idona. In sana'a ta, a turo magabata. In ba ita ba, mu ga abin da Allah za shi yi."

Kafin ya iso gida labarin ya riga ya kumbura a bakinsa. Ya gaya wa 'yan kabu-kabun tasha cewa surukinsa da kansa ya roƙe shi ya nuna wa jama'a ilimin zamani. Daren nan kuma ya ƙara wa muryar dodon tambayar sana'ar. Ya kama gidan kallon ƙwallon Mode na yammacin ranar kasuwa, da talabijin da lasifika. Ya tara 'yan wasa uku: Manu, abokinsa makiyayi da ke ruga bayan Rabah, Bashar, taubashinsa mai sayar da albasa, da Mubaraka ita kanta, daga ɗakinta a Goronyo.

Bashar kaɗai ya san zancen dodon. Ana jibi wasa ya ja shi gefe.

"Kai, ka cire tsohon nan daga kogo?"

"Bashar, kai albasa kas sani. Ƙa'ida ta ukku: abin da Uban Wasa yar ruhe, ba mai ganinai. Kogo sai mako na shidda. Ranar nan daji kawai za su gani da wata tsohuwa."

"In sunka tahi kogon fa?"

"Ni ka jan labari ko su?"

Rumfar Bashar ba ta fi taku ɗari biyu daga gidan kallon ba, amma Musaddiƙ ya hana shi zuwa. Wai wasan intanet ne, dole kowa ya kasance nesa.

Ranar kasuwa, ana idar da La'asar, benci ya cika. 'Yan kabu-kabu, masu lodin buhu, har da tsofaffi biyu da suka ɗauka wa'azi za a nuna. Aka ajiye wa Malam Jelani farar kujerar roba a gaba, ya zauna ya jingine sandarsa. Musaddiƙ ya fito da babbar riga ta aro, ya tsuguna ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Ƙa'ida ta ɗaya," in ji shi, "Uban Wasa na ƙwarai shina gwada kayan aikinai tun kahin jama'a su taru."

Ya jona laftof da talabijin. Babu komai. Ya cire, ya hura, ya mayar. Babu komai. Ya ce talabijin ɗin Mode tsohon yayi ne. Mode ya taso ya kunna makunnin bango, hoto ya fito.

"Hakanga nis so ku gani," in ji Musaddiƙ. "Gwaji kenan."

Taswira ta bayyana: ɗan gari a kusurwa, hotunan jarumai uku, sauran duk baƙi ƙirin. Mubaraka ta ɗauki maharbiya mai baka da kwari. Bashar ya ɗauki falke mai jaki. Manu, da aka ce ya zaɓi duk abin da yake so ya zama a duniya, mayaƙi ko matsafi ko ɗan sarki, ya ce shi makiyayi.

"Ƙa'ida ta biyu, kowa shi ruhe makirufonai sai za shi magana."

Daga lasifika muryar Bashar ta fashe: "Kai, wanga buhu ruɓaɓɓe na, sauke shi. Sauke shi nic ce, uban ƙwadago."

"Bashar, ana jinka."

"To ku daina saurare."

Manu kuwa muryarsa tana zuwa da iska da kukan tsuntsaye, don a rugarsu babu sabis sai a kan wata tsamiya, kuma can yake zaune a reshe na uku tun azahar.

Musaddiƙ ya nuna ɗan lidon yana juyawa a talabijin. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya tattara rigarsa zai tashi.

"Ashe caca ta."

"Ba caca ba ta, Baba, ko sisi ba a sa wa. Alƙali na kawai. Ƙa'ida ta huɗu, ita ag babba, ku riƙe ta: Uban Wasa bai ce ma ɗan wasa a'a. Duk abin da mutum yan nuhwa, a jehwa ɗan lido, abin da yaf hito shi na hukunci. Ko ni ban isa in tada shi ba."

Malam Jelani ya gyaɗa kai. "To, to, to."

Musaddiƙ ya kumbura murya ya fara. Wai a wani gari mai suna Tudun Zinariya an wayi gari farin bijimin sarki ya ɓace daga turke. Sarki ya kira jarumai uku. A mararrabar hanya kuma akwai wata tsohuwa da ta san sirrin, sai a je gare ta. Kwana huɗu ya yi yana rubuta maganganun tsohuwar nan, shafi tara, har da waƙa.

"Sai ku tahi wurin tsohuwa," in ji shi.

"Tsaya," in ji Manu daga kan tsamiya. "Yaushe anka yi ruwa garin?"

"Mi ya haɗa ruwa da wanga zance?"

"Amsa min dai."

"Jiya," in ji Musaddiƙ, don a wuce wurin.

"To mi za mu yi da tsohuwa? Ƙasa da laima, bijimi da nauyi. Sawu za ni bi."

"Babu sawu."

"Kashi fa?"

"Babu."

"To ba a saci bijimi ba, sarkinku ƙarya shika yi. Bijimi bai tashi sama."

Benci ya ɗauki guna-guni, kowa ya ce gaskiyar Bafillace. Wani mai lodi ya tuna wa Uban Wasa ƙa'ida ta huɗu. Musaddiƙ ya danna ɗan lido yana addu'a a ransa. Ashirin.

Sawu ya samu. Kuma tun da shi ya zana taswirar, ya san hanya ɗaya ce ta fita daga turken nan, ita ce ta kogo. Ya yaye ɗan baƙi kaɗan, zufa ta fara tsattsafo masa ƙarƙashin rigar aro.

"Kuna tahiya sai ga gulbi ya kawo, baki da baki. Ba a ƙetarewa. Sai ku koma wurin tsohuwa."

Mubaraka ta buɗe makirufonta, muryarta a natse kamar tana kiran sunayen 'yan aji. "Musaddiƙ, ni 'yar Goronyo ta. Duk gulbin da ag da mutane bakinai akwai mai jirgi. Maharbiyata tana kiranai."

Sha tara. Suka ƙetare.

"Sai ga zaki," in ji Musaddiƙ, murya ta fara siranta. "Zakuna biyu. Ukku."

"A ba su jakina," in ji Bashar. "Dama gurgu na."

"Ba a yin hakanga."

"Ƙa'ida ta huɗu," in ji benci gaba ɗaya.

Sha takwas. Zakuna suka tafi da jaki. Musaddiƙ ya duƙa yana leƙen ƙasan laftof, wai ɗan lidon ya sami matsala, tun da aka ƙera shi bai taɓa yin haka ba. Ya kawo guguwa, Manu ya ce a kwanta a bayan suri har ta wuce. Ya kawo aljanin da ke tare hanya, Mubaraka ta yi masa sallama ta tambaye shi iyali, aljani ya rasa ta cewa, don Musaddiƙ bai rubuta masa komai ba. Ya ce dare ya yi a labarin, jarumai sun gaji. Bashar ya ce falkensa yana da goro. Tsohuwar mai shafi tara tana can mararraba ba wanda ya leƙa ta, jarumai kuwa ga su a bakin baƙin da ya rage, kusurwar dama ta sama.

Nan Allah ya kawo masa abin da ya ɗauka sauƙi ne. Manu ya ce, "Wayyo, cinnaku," aka ji kakkaryewar reshe, hotonsa ya dushe.

Musaddiƙ ya miƙe fuska a sake. "Jama'a, sabis ya yanke ma ɗan wasa guda. Ƙa'ida ta biyat, ba a ci gaba babu mutum. Nan za mu tsaya sai wani mako. Mun gode, mun gode."

Ya kai hannu zai rufe laftof.

"To, to, to," in ji Malam Jelani.

Hannun ya tsaya a iska.

"Tun daga Goronyo niz zaka. Ina son ganin wanda yas saci bijimin ga. Buɗe."

Ba a yi wa suruki gardama, balle wanda bai gama zama surukin ba. Musaddiƙ ya zauna. Dabara ta faɗo masa: ya lallaɓa ƙarƙashin baƙin ya goge dodon tukuna, sannan ya buɗe kogo wayam ya ce ɓarawo ya gudu. A bidiyo na shida an nuna yadda ake yi. Sai dai bidiyo na shida shi ne wanda data ta ƙare masa a tsakiya. Maɓallai biyu ne a jere, iri ɗaya. Ya zaɓi na hagu da ƙarfin hali, ya danna.

Baƙin ya tashi gaba ɗaya.

Ga kogo. A tsakiyarsa, cike da rabin talabijin ɗin Mode, ga Malam Jelani da hularsa da gemunsa, ƙahoni biyu sun fito ta gefen hular, jelar kada ta naɗe farin bijimi. A bayansa ga hoton Mubaraka an ɗaure ta da igiya jikin buhunan albasa. A bakin kogon kuma wani jarumi a kan farin doki, takobi a sama, fuskar Musaddiƙ da tabarau, an rubuta a ƙasa: Mai Ceto. Sannan lasifikar da ake jin ihun ƙwallo da ita har bakin tasha ta buɗe, muryar Musaddiƙ ce ya shaƙe ta ta zama ta tsoho:

"To, to, to. Mi as sana'akka? To, to, to. Mi as sana'akka?"

Ya sa ta yadda in ta ƙare za ta sake farawa. Ya danna nan, ya danna can, dodon ya ƙara girma. Mode ya yi kamar zai zare waya, Malam Jelani ya ɗaga masa sanda, ya koma ya zauna. Ba wanda ya yi dariya tukuna. 'Yan kabu-kabu sun cusa bakin rigunansu a baki, kafaɗu kawai ke rawa.

Daidai nan sabis ɗin Manu ya dawo. Ya hau wani reshen, yana haki.

"Mun iso? Ina ɓarawon? Af. Bappa Jelani, ina wuni. Musaddiƙ, makiyayina ya tuɓe takalmi ya tsugunna."

"Falkena ma," in ji Bashar. "Kuma a shaida, na hwaɗa mai tun shekaranjiya."

Shi kenan benci ya fashe. Wani ya faɗo ƙasa, tsohon da ya ce caca ce yana share hawaye da hannun riga. Musaddiƙ ya zame daga kujera ya tsuguna a bayan tebur, rigar aro ta tattaru a kansa. Da ƙasa za ta tsage da ya yi mata godiya.

Mubaraka ta jira hayaniyar ta lafa.

"Musaddiƙ, ni ta waccan ɗaure ga buhu?"

"Wato, a tsarin labarin..."

"Ni nik kira mai jirgi, ni nil lallashi aljani, ina nan tsaye da baka ga hannu, ashe can ciki kuma an ɗaure ni ina jiran mai doki. Ina dokin ga yake sadda zakuna sunka hito?"

Musaddiƙ ya ƙara shigewa ƙarƙashin tebur. Malam Jelani ya ciro tabarau daga aljihu, nasa mai magani ne, ya matso da kujera, ya daɗe yana duban kansa.

"Hoton sunan ɗan ɗiyata Hassana na. Hular ga ta ɓace min tun bara." Ya ƙara dubawa. "Ƙahonnin ba laihi, na bijimin ƙwarai na. To, to, to. Yaro, wanga mai doki, dodo yaz zaka kashewa?"

Daga ƙarƙashin tebur aka ce, "Baba, a yi haƙuri, kuskuren na'ura..."

"Kai kac ce ɗan lido ka hukunci, ko kai ba ka isa ka tada shi ba. Jama'a sun ji. Jehwa."

Hannu ya fito daga bayan tebur, ya lalubo maɓalli. Ɗan lidon ya yi ta juyawa a kan gemun dodo, ya tsaya. Ɗaya.

"Mi a ɗaya?" in ji dattijon.

"Dodo ya cinye shi," in ji benci.

"To, to, to. Dodo ya tsuhwa, ba shi da haƙoran cin mutum. Amma shina da gona bakin ruwa, kuma jibi za a hwara dashen albasa. Mai ceto shi zaka da sahe. Shi bar dokin gida."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. A bayansa lasifika tana ta tambayar sana'a, har sai da Mode ya kashe injin.

Kwana uku Musaddiƙ ya yi a fadamar Goronyo, wando a naɗe, laka har gwiwa, yana dasa albasa ɗaya-ɗaya cikin fangali. Duk mai babur da ya wuce ta kan hanya sai ya rage gudu ya ce, "Uban Wasa, to, to, to." Ranar farko yana amsa musu cewa wannan ma cikin tsarinsa take, ita ce taswira ta biyu. Rana ta biyu bayansa ya hana shi ɗagowa ya yi bayani.

Wasan kuwa har yau bai mutu ba. Mubaraka ta karɓi taswirar, ta kwance kanta daga buhu, ta goge mai doki, ta ci gaba da ja duk yammacin Juma'a. Tsohuwar mararraba ma ta sami masu ziyara. Dodo kaɗai ta bari yadda yake, don mai shi ya ce kada a taɓa masa ƙahoni, kuma shi da kansa yake yin muryar dodon yanzu.

Yammacin rana ta uku ta dashen Musaddiƙ ya wanke ƙafa ya je zaure ya tsuguna. Wannan karon bai ji tsamin tsugunon ba, komai na jikinsa ya riga ya yi tsami. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya kai ga zancen magabata.

Malam Jelani ya laluba aljihu ya ciro waya. Mubaraka ta sa masa ɗan lidon a ciki. Ya ajiye ta a tabarma, ya tura ta gaban yaron da ɗan yatsa.

"To, to, to. Jehwa."

Musaddiƙ ya dubi ɗan lidon nan mai fuska ashirin. Ya dubi tafin hannunsa da ya kumbura. Ya mayar da hannuwan biyu bayansa.

"Baba," ya ce, "babu sauran gona?"